'Yar Aro Ta Daina Buga Ƙofa

"Ba ita ba! Wallahi ba ita ba... A kawo kowace nas ce a asibitin nan, amma ban da wannan!"

Ko jakarta ba ta sauke ba maganar ta dake ta.

Tana tsaye a bakin ɗakin gefe na sashen tiyatar mata, shi kuma ya miƙe zumbur daga kujerar 'yan jinya yana nuna ta da yatsa, kamar wanda ya ga ɓarawon wayarsa. A kan gadon Yayarsa ce kwance, wuyanta naɗe da farin bandeji, ana yi mata ƙarin ruwa. Sista Babba ke nan, shugabar wannan sashen, wadda aka yi wa aikin maƙoƙo da rana.

Fuskarta ko gezau.

"Sannu da jinya," ta ce.

"Ba na buƙatar sannunki!"

"To ba ni abata, ai ba ta lalace ba."

"Ki fita daga ɗakin nan!"

"Metiron ce ta turo ni. In kana da ƙorafi ofishinta yana ƙasa, dab da inda kake sayar da jini."

"Ba sayarwa nake yi ba, kin sani!"

"Au... na ɗauka komai naka na sayarwa ne. Ai ni ma a kan hoto ɗaya ka sayar da ni."



Sai ga ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. 'Yar Gaban Goshi ce, nas ɗin da Sista Babba ta fifita a kan kowa, wadda abokan aiki suka gaji da tsawon sunan suka mayar da shi Goshi. Ta ratsa tsakaninsu har tana bangazar baƙuwar.

"Haba Yayana, kar ka ɓata ranka a kan kayan aro. Gari na wayewa za a mayar wa masu shi." Ta juyo tana yatsina. "Ke, babban ɗaki naki ne gaba ɗaya. Nan kuwa ko leƙe ban yarda ki yi ba. Anti tawa ce."

"Allah ya bar ku tare."

Ta gyara jakarta a kafaɗa ta wuce. Ta sha kwanar teburin nas-nas ta nufi babban ɗaki.

'Yar Aro ake ce mata, kuma ba a yi ƙarya ba. A babban asibitin koyarwa irin wannan, kowace nas da sashenta, da makullin lokar ajiyar kayanta, da katifar da take ɗan miƙe baya a kai in dare ya raba. Ita ba ta da ko ɗaya. Kullum da magariba sai ta tsaya gaban Metiron, shugabar nas-nas, ta ji inda aka rasa hannu. Jiya ɗakin yara, yau tiyatar mata, gobe wataƙila wajen masu karaya. Wani daren ma tana tsaka da ɗaura wa wani ruwa za a kira ta a cilla ta wani benen. Duk sashen da ta shiga, majinyacin da ya fi kowa masifa nata ne, bahon da ya fi kowanne wari nata ne, in kuma aka nemi almakashi da safe aka rasa, to ai 'yar aro ce ta kwana.

Amma aikin da ya fi zama nata shi ne bugun ƙofa.

Wanda bai taɓa aikin dare ba ba zai gane ba. Babban likitan da ke kan kira yakan shige ɗakin hutu ya murɗa makulli, ya kife wayarsa. In jikin wani ya rikice, abin kuma ya fi ƙarfin ƙananan likitoci masu koyon aiki, dole wani ya taka ya taso shi. To wace nas ce za ta so ɓatawa da likitan da gobe da jibi da shi za ta yi zagayen ɗaki? Babu. Sai a aiki wadda gobe ba ta nan. Haka ta san ƙofar kowane likita a asibitin, ta sha zagi kala-kala ta bayan katako. Sista Babba kuwa, in ta karɓi dare, ko yawun bakinta ba ta ɓatawa wajen aiken. Tebur take ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, ƙwas-ƙwas, ta nuna hanyar da leɓe. An gama magana.

Ta irin wannan aiken ta san shi. Jini ma 'yar aro ake turawa ta karɓo, shi kuma shi ke kula da ɗakin ajiyar jini da dare, Mai Jini kowa ke ce masa. Ta buga tagarsa, ya leƙo da fushin barci, ya ga fuskarta, fushin ya bi iska. Daga nan in ana jiran gwaji ya kammala sai ya turo mata kujera. Wata rana ya sayo jan kofin shayi ya ajiye kusa da nasa.

"Wannan naki ne, Zumata. Ba aro ba ne."

A duk faɗin asibitin, kofin nan ne kaɗai abin da ke zaune wuri ɗaya yana jiranta. Ranar sai da ta ɓuya a banɗaki ta yi kuka kamar wadda aka ba kyautar gida.

Magana ta je gaban manya, ya sa mata zobe. Nan Yaya ta ce ba ta san zancen ba. Ita ta raine shi tun rasuwar iyayensu, kuma ta daɗe da zaɓa masa Goshi.

"Macen da ko sashe ɗaya bai iya riƙe ta ba, gida ne zai riƙe ta?"

Da ya toshe kunne, sai hoto ya fito.

Tsakar dare ne, a ƙofar Dokta Aradu, babban likitan tiyatar nan da tsawarsa ta jawo masa suna. Shi yana tsaye daga shi sai singileti, ita a gabansa hularta a hannu, gashinta a warwatse. Goshi ce ta ɗauka, kafin rana ta take ya zaga wayar kowa, har masu shara.

Ta rantse masa, ta yi kuka, ta ce aikenta aka yi, takalmi likitan ya jefo mata ta goce hular ta faɗi. Har ƙwas-ƙwas ɗin Yayarsa ta kwatanta masa a kan tebur. Ya ja ta gaban Yaya ya tambaya. Yaya ta dube ta sama da ƙasa.

"Ni ban taɓa aikenta ƙofar kowa ba. Ƙafarta ce ta san hanya."

Shi kuma ya juyo da jajayen idanu ya faɗi maganar da har yau take tashinta daga barci.

"Ai ni ma da bugun ƙofa muka fara."

A take ta zare zoben ta ɗora masa a tafin hannu. Washegari ya aiko mata da kofin a cikin leda ta hannun mai tura gadon marasa lafiya, a gaban mutane. Tun ranar ta rantse da Allah hannunta ba zai ƙara taɓa ƙofar likita ba. Sassa suka yi ta kai ƙararta wajen Metiron, ta ce in an ga dama a kore ta. Kofin kuwa ya shige jaka, ya zama ɗan yawo kamar mai shi.

Yau ga ta da babban ɗaki ita kaɗai, gadaje a jere har bango. Ta juya wata tsohuwa da bayanta ya fara gyambo, ta riƙe wa wata kai tana amai, ta canza wa wata zanin gado ba tare da ta tashe ta ba. Daga ɗakin gefe kuwa dariyar Goshi ce ke fitowa jefi-jefi, irin dariyar da aka yi ta don wani ya ji.

Da suka haɗu da Goshi a teburin magani ta daure ta ce, "Kin ajiye tiren kayan warware ɗinki kusa da gadon Sista?"

"Sashenki ne ko nawa?"

"Tambaya na yi."

"To ki tambayi likitocinki, tunda kin san makwancinsu."

'Yar Aro ta haɗa tiren da kanta ta ɗora a ƙasan tirolin kayan aikinta, ta ci gaba da aikinta.

Dare ya yi nisa sosai lokacin da ta samu ta tsaya a ɗan lungun tafasa ruwa, a tsaye, don kujerun wurin duk da masu su. Tana kai kofin baki ta ji tsayuwar mutum a bayanta. Tun kafin ta juya ta san shi ne, kuma abin ya ba ta haushi da har yanzu jikinta ke gane takunsa.

"Har yanzu kina da shi?"

"Kofi ne. Bai yi min laifi ba."

Ya cika filas ɗinsa a hankali, ya ƙi tafiya.

"In Yaya ta warke za a ɗaura aurenmu da Goshi."

"Na ji. Ka sayo mata babban kofi, bakinta da faɗi."

"Haka kawai za ki ce?"

"Guɗa kake so in yi?"

"Ko sau ɗaya ba ki taɓa cewa in yafe miki ba!" Ya dire filas ɗin. "Da kin amsa laifinki, da kin ce shaiɗan ne, wallahi da na..."

"Da ka taimaka ka rufa min asiri? Allah ya tsare ni da taimakonka."

"Na so ki, kin sani!"

"Ka so ni har zuwa inda wayar Goshi ta tsayar da kai. Matsa min, majinyata na jirana."

Ta wanke kofin ta cusa a jaka ta bi ta gefensa. Gaskiyar magana, tana sonsa har gobe, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da tsanarsa kaɗai take yi, da tuni ta warke.

Tsakanin tsakar dare da asuba, tana tura tirolinta ta gaban ɗakin gefe, kunnenta ya tsinko wani sauti. Numfashi ne, amma yana fita da shewa, kamar ana jan iska ta ƙaramar kafa. Ba ta tsaya tuna dokar kowa ba, ta banka ƙofar.

Sista Babba na zaune a kan gado tana yaƙushin bandejin wuyanta, idanunta kamar su faɗo. Goshi na gefe da waya a hannu, ashe yadin biki take nuna wa Mai Jini.

"Wa ya ce ki shigo? Zafin ciwo ne kawai, na yi mata allura..."

'Yar Aro ta ture ta, ta kunna babbar fitila, ta ɗaga bandejin. Wuyan ya kumbura suntum ya yi tauri, fatar na sheƙi. Jini ne ke taruwa a ciki yana shaƙe maƙogwaro.

Goshi ma ta gani, ai ba jahila ba ce. Wayar ta kusa suɓuce mata.

"Innalillahi... Anti! Anti!"

"Bar ihu! Oksijin! Sannan ki kira likita!"

Ta ɗaga kan gadon, ta tallafe kan matar, ta ɗora mata abin shaƙar iska. Goshi na ta danna waya. Ƙaramin likita yana tiyata, an kawo masu haɗarin mota. Na biyunsa ma yana can. Wayar Dokta Aradu kuwa a kashe, kamar kullum.

Goshi ta juyo a gigice, ta manta wanda ke tsaye a ɗakin.

"Ke 'Yar Aro, ruga ki bugo masa ƙofa mana! Me kike jira? Ba ke ake aika ba kullum?"

Mai Jini ya ɗago kai da sauri.

Kafin ya yi magana, hannun Yayarsa ya lalubo ƙarfen gado. Ba ta da murya, ba ta da numfashi, amma hannun bai manta sabonsa ba.

Ƙwas-ƙwas.

Ta ture abin iskar gefe, ta nuna ƙofa da leɓenta da ya fara yin baƙi, idonta a kan 'Yar Aro.

Ya tsaya yana kallon hannun nan kamar yau ya fara ganinsa.

"Yaya...?"

"Ba lokacinsa ba ne!" 'Yar Aro ta daka masa tsawa. "Ni na rantse, kuma ba zan saki kanta ba. Goshi, jawo tiren da ke ƙasan tirolina ki buɗe. Kai kuma, hawa na sama, ƙarshen baranda, ƙofar hannun hagu. Ka buga kar ka daina ko me ya ce maka. In ka ji ya murɗa makulli ka sunkuya."

"In sunkuya?"

"Za ka gani. Gudu!"

Ya fita har yana tuntuɓe da kujera.

Ta warware sauran bandejin, ta share wurin ɗinkin, ta jera almakashi da safar hannu inda likita zai miƙa hannu ya ɗauka. Matar da ta rushe mata rayuwa ta damƙe mata hannu har farce na shiga nama. Ta sunkuya saitin kunnenta.

"Ki ja a hankali, Sista. A hankali... Ba za ki mutu a hannuna ba, don ban shirya a ce ni na kashe ki ba."

Daga can saman bene aka jiyo bugu, aka jiyo tsawa, aka jiyo wani abu ya daki wani abu. Sai takun gudu.

Dokta Aradu ya faɗo ɗakin daga shi sai singileti, takalmi a ƙafa ɗaya. Bakinsa ba kyau, amma hannunsa ba ya gardama. Kallo ɗaya ya yi ya zura safa, ya ɗauki almakashi ya bi ɗinkin ya tsinke. Baƙin jini ya ɓulɓulo guda-guda, ya sa yatsa ya kwashe. Sista Babba ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, ta sake ja, shewar ta lafa.

"A shirya tiyata, za mu koma mu ɗaure jijiyar," ya ce yana cire safar. Sai ya dubi majinyaciyar ya girgiza kai. "Sista, ke ma da neman magana. Kullum 'yar aron nan kike turo min, yau kin canza da ƙato, kin sa na fasa masa goshi a banza."

Ya waiga ya ganta.

"Au, ga ta nan ma. Ke dai kin iya gocewa. Wannan tsayawa ya yi kamar gunki."

A bakin ƙofa Mai Jini ke tsaye, jini na bin girarsa, ɗaya takalmin likitan a hannunsa. Goshi ta sulale ta bayansa wai za ta kira masu tura gado.

Ba a ko fitar da Sista Babba ba wayar sashen ta yi ƙara. Metiron ce. Wata nas ta yanke jiki a ɗakin yara, a turo 'yar aro yanzu-yanzu. Ta wanke hannu, ta ɗauki jakarta. Haka aikinta yake, ba ta taɓa ganin ƙarshen abin da ta fara ba.

A kan matakala ya tare ta.

"Zumata..."

"Kar ka ƙara kirana da sunan nan."

"Tun kafin ya buɗe yake zaginki. Ya ɗauka ke ce. Ya ce wancan karon bai same ki ba, yau sai ya... Wallahi ban sani ba! Ban san haka kike sha ba!"

"Ka sani. Na faɗa maka da bakina, ina kuka."

"Yaya ce ta..."

"Yaya ta yi ƙarya, Goshi ta ɗauki hoto, kowa ya yi aikinsa. Kai me ka yi?" Ta matso har tana jin hucin numfashinsa. "Da aka aike ni ƙofarka, soyayya ce. Da aka aike ni ƙofar wani, iskanci ne. Ashe tun ranar farko kallon da kake min ke nan, macen da ke bin ƙofofi da dare, ka ga ta faɗo taka ka ce ka yi tsintuwa!"

"Ki yafe min... don girman Allah ki yafe min."

"Maganata ba ta ishe ka ba, sai da takalmi ya yi maka bayani."

Hawaye suka gangaro masa suka haɗu da jinin. Ta zaro auduga da filasta daga aljihu, ta danna masa a goshi da ƙarfin da ya wuce buƙata, har sai da ya ce wash.

"Je ka a yi maka ɗinki. Sannan ka sauka ka shirya wa Yayarka jini, za a nema."

Ta wuce ɗakin yara. A can ta yi kukanta, tana jijjiga jaririn wata.

A gidan su 'Yar Aro doka ɗaya ce, kuma Mama ce ta kafa ta: in 'yarta ta dawo daga aiki ta shiga ɗaki, ko gobara ce sai a jira ta tashi. Wannan dokar Mai Jini ya yi ta karo da ita. Ya zo da safe, Mama ta ce tana barci. Ya zo da yamma, Mama ta ce tana shirin fita. Ya zo da kawunsa, Mama ta ba kawun ruwa da kujera, shi ta bar shi a rana.

"Ɗan nan, ni na share hawayen yarinyar nan da gefen zanina. Ba ni da wata 'yar aron da zan ba ka. Tawa ce, kuma ba na bayarwa."

A asibiti kuma labari ya juya. Goshi ta nemi a canza mata sashe. Masu sharar da suka yaɗa hoton su ne yanzu ke rantsuwa tun farko ba su yarda ba. 'Yar Aro ta bi ta gabansu kamar ba ta ji.

Sai wata rana da hantsi, tana kwance idonta biyu, ta jiyo sallamar wata murya a tsakar gida, siririya, a dishe, kamar ana goga takarda.

"Lale," in ji Mama, muryarta ba lale a ciki. "Ai na ji ke ba kya zuwa da kanki, aike kike yi. Yau wa kika aiko?"

"Ni na zo, Mama."

"To ga ƙofar can. Ni dai ba na tashinta."

Sai ta ji takun mutum biyu sun tsaya a bakin ɗakinta.

Ƙwas-ƙwas.

Ta gyara filo ta juya wa ƙofar baya.

Ƙwas-ƙwas. Ƙwas-ƙwas.

Ta ƙyale su. Tana so matar nan ta ji yadda katako yake cin bayan yatsa, ta ji yadda tsayuwa take a gaban ƙofar da ka san na ciki yana jin ka. Sai da bugun ya fara rauni sannan ta ɗaga murya.

"Waye ne? Ba ku san mutum na barci ba?"

"Ni ce, ƙanwata..." Tari ya sarƙe ta. "Na yi miki ƙarya. Yau da safe wajen miƙa aiki na tara su duka, da Metiron, da ɗalibai, na faɗa da bakina ni nake aikenki. Na kuma ce daga yau a sashena duk wadda majinyaci ke hannunta ita za ta je ta taso likita. Abin da muryata ta iya ke nan... Shi kar ki hukunta shi da laifina."

"Nasa daban ne, Sista. Kowa da kayansa."

"Na sani, Zumata," ya ce daga bayan ƙofar. "Na sani. Ban zo in ce ba ni da laifi ba. In shekara za ki bar ni a nan zan tsaya. In takalmi ne ki jefo, wallahi ba zan sunkuya ba."

Dariya ta so ƙwace mata, ta danne ta da filo, sai ta koma kuka. Ta tashi ta share fuska sosai, don ba ta shirya su gani ba. Ta buɗe jakarta, sannan ta murɗa makulli.

Sista Babba ta rame, tabon ɗinki ya ratsa wuyanta, bayan yatsunta sun yi ja. Shi kuma yana durƙushe, ɗan tabo a girarsa, zoben a tafin hannunsa yana miƙo mata.

Ta dubi zoben, ta naɗe masa yatsunsa a kai.

"Wannan ka riƙe tukuna. Sai Mama ta huce, ni ma sai na ga kamun ludayinka."

Fuskarsa ta faɗi. Sai ta ɗora masa jan kofin a ɗaya hannun.

"Wannan kuma ka mayar da shi inda ka ɗauko shi. Da hannunka, ba a leda ba."

Ya rungume kofin a ƙirji da hannu biyu.

"Zumata... yau za ki zo?"

"In an aike ni karɓar jini." Ta fara tura ƙofar. "Kuma ka bar tagar a buɗe. Na faɗa maka na daina bugu."

Ta rufe, ta koma gado, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba, har sai da Mama ta karya dokarta ta tashe ta kar ta makara.